Wa Ya Hure Fitilar Arewa?

A dare na bakwai na duhun da ya lulluɓe Arewa a ƙarshen watan Oktoba na 2024, muna zaune a majalisar ƙofar gida bayan sallar isha'i, sauro na ta shagalinsa a ƙafafunmu, babu abin da ke haska fuskokinmu sai tocilar wayar wani yaro da ya biya kuɗi aka yi masa caji a bakin kasuwa, sai wani dattijo daga cikinmu, mutum mai natsuwa wanda ban taɓa jin ya yi wa kowa ƙazafi ba, ya gyara zama ya ce, "Malam, ku daina wahalar da kanku da lissafi. Wutar nan kashe ta aka yi. Akwai wanda ya sa hannu ya murɗe makunni, kuma ya san abin da yake yi." Babu wanda ya musa masa. Ni ma ban musa ba, domin mutumin da ya kwana bakwai yana jiran mai garuwa kamar mai jiran baƙo daga Makka, ya ga naman miyarsa ya lalace, ya ga ɗansa mai walda ya rufe shago ya dawo zaman gida, ba a wannan daren ake yi masa wa'azin kyautata zato ba. Amma maganar ta bi ni har ɗaki, kuma har yau da nake wannan rubutu ba ta sake ni ba.

Abin da hukuma ta faɗa a lokacin sananne ne. Da asubahin Litinin, 21 ga Oktoba, babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 330 wanda ya taso daga Ugwuaji ta jihar Enugu, ya biyo ta Apir kusa da Makurdi, ya haura Jos, ya katse. Kuma da ma tun makonni kafin wannan rana an riga an lalata turakun ɗaya babban layin, wanda ke ɗauko wuta daga madatsar Shiroro ya kai ta tashar Mando a Kaduna, a cikin dajin da 'yan bindiga suka mayar gidansu, inda kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, TCN, ya ce ma'aikatansa ba za su iya shiga gyara ba sai da rakiyar sojoji. Da hanyoyin nan biyu suka toshe, sai akasarin jihohin Arewa suka auka cikin duhu, daga Kaduna da Kano da Katsina har Bauchi da Gombe da Yola. Sai ranar 28 ga wata Shugaba Bola Tinubu ya kira ministan wuta, Adebayo Adelabu, ya kuma umarci mai ba shi shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, da a ba masu gyara kariya. Ranar 30 aka ɗaura layi ɗaya na Ugwuaji, wuta ta fara leƙo mu kaɗan-kaɗan kamar amaryar da ke jin kunya.

Wannan shi ne labarin hukuma, kuma mutane ƙalilan ne suka saye shi. Labarin da ya yi kasuwa shi ne wanda ya riƙa yawo a teburin mai shayi, da tashar mota, da saƙonnin murya na WhatsApp waɗanda ba a san bakin da ya fara furta su ba. Wani ya ce horo ne ake yi wa Arewa saboda zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, wadda ta fi zafi a Kano da Kaduna. Wani ya ce so ake a durƙusar da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa da injinan casar shinkafa domin kasuwa ta koma Kudu. Wani ya ɗora laifin a kan dillalan janareta da na sola. Wani kuma, wanda ya fi su zurfin ciki, ya ƙulla duhun da ƙudurorin gyaran haraji da aka aika wa majalisar tarayya a farkon wannan watan, waɗanda gwamnonin Arewa da sarakuna suka taru a Kaduna, a wannan rana ta 28 ga Oktoba, suka ce ba su yarda da tsarin rabon harajin kayan masarufi da ke cikinsu ba. Ya ce ai hannunka mai sanda ne ake yi musu.

Ba na cikin masu yi wa waɗannan mutane dariya, kuma ina ganin duk ɗan bokon da ya kira su jahilai bai yi musu adalci ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Talakan Arewa ya ga da idonsa cewa ana iya kashe wa al'umma guda wuta saboda siyasa, kuma ba a wata duniya mai nisa ya gani ba: a farkon Agustan 2023, bayan sojoji sun kifar da Mohamed Bazoum a Yamai, Nijeriya ta katse wutar da take sayar wa Jamhuriyar Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi saba'in cikin ɗari na wutar da ƙasar ke sha, aka bar 'yan'uwanmu na Yamai da Dosso da Maraɗi da Damagaram cikin zafi da duhu wata da watanni, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. Wanda ke da ƙanwa tana aure a Maraɗi, ya ji daga bakinta yadda aka yi, ta yaya za ka ce masa makunnin da yake zargi tatsuniya ne? Sannan a watan Afrilu na shekarar duhun, bayan da ma an raba masu shan wuta aji-aji, aka ɗaga kuɗin ajin farko daga wajen naira 68 zuwa 225 a kowane yunit bisa alkawarin sa'a ashirin a rana, wanda talaka ya fassara shi da harshensa cewa wuta ta zama ta mai kuɗi. Ga litar fetur ta haura naira dubu a daidai watan duhun, ta yadda ko ɗan ƙaramin janareta ya gagari mai shago. A kan duk wannan kuma aka ɗora mako guda cur kafin a ji fadar shugaban ƙasa ta motsa, alhali kowa ya san da Legas ce ta kwana biyu a haka, da ba a yi barci a Abuja ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani a hanya sai ya yi tsalle.

To amma duk da haka, uzurin mai zato daban, ingancin zaton daban. Malamanmu na usulu, Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, sun kasa sanin ɗan Adam martaba huɗu: yaƙini, wanda babu kokwanto a cikinsa, zanni, wato abin da ya rinjaya a zuciya saboda wata alama, shakka, inda ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, da wahami, wato ɓangaren da aka rinjaya amma zuciya ta maƙale masa. Alƙalan shari'a kuma sun bambanta ƙarina da bayyina, suka ce alama tana sa a buɗe bincike, amma hukunci sai da shaida, kuma wanda ya yi da'awa shi ake nema ya kawo ta. Idan muka ɗora maganar dattijon majalisarmu a kan wannan ma'auni, za mu tarar abin da ke hannunmu ƙarina ce tsagwaronta: daidaituwar lokaci, jinkirin hukuma, da tarihin rashin amana. Har yau babu injiniya ɗaya, cikin ɗimbin 'ya'yan Arewa da ke aiki a tashoshin Mando da Kumbotso da Jos da Gombe, wanda ya fito ya ce an ba shi umarni ya kashe. Babu takarda, babu isnadi, sai "an ce" da "na ji daga wani babba". Suratul Hujurati, wadda yaranmu ke haddacewa a allo, ita ce ta hore mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, kuma ita ce ta gargaɗe mu game da yawan zato. Ban ga inda aka keɓe zamanin duhu daga wannan horo ba.

Akwai kuma abin da hankali ke bayarwa ga wanda ya san yadda wutar take tafiya. Wutar lantarki ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a jira bazara. A daidai ƙiftawar idon da aka samar da ita ake shanye ta, kuma dole abin da injina ke fitarwa ya yi daidai da abin da gari ke ja, in ba haka ba bugun layin, wanda ake so ya tsaya a hamsin cikin daƙiƙa, ya karkace, na'urorin kariya su yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya don kada injina su ƙone. Shi ya sa ba a iya ɗaukar wutar jihohi goma sha a tura ta ta siririyar hanya don kawai babbar ta toshe. Kuma shi ya sa a wannan Oktoban kansa babban layin ƙasa baki ɗaya ya faɗi fiye da sau ɗaya, Legas da Fatakwal da Abuja duk suka ɗanɗana, sai dai su nasu na sa'o'i ne, namu ya zama na kwanaki, saboda su hanyoyin da wuta ke bi ta iske su suna da yawa, mu kuwa tamu rayuwar a rataye take a kan igiya biyu, ɗaya ta ratsa dajin 'yan bindiga, ɗaya ta ratsa fadamun Binuwai. Wanda ya rataye tulunsa da igiya biyu, ɗaya ta tsinke ya bar ta makonni bai ɗaura ba, ba ya bukatar maƙiyi kafin tulun ya fashe.

Wannan ɗabi'a ta neman hannun ɓoye a cikin duhu ba tamu ba ce mu kaɗai. Ranar 7 ga Maris 2019, lokacin da wutar madatsar Guri ta yanke, kusan dukan ƙasar Benezuwela ta yi kwana da kwanaki a duhu, Shugaba Nicolás Maduro ya ce Amurka ce ta kai wa na'urorinsu hari ta intanet, injiniyoyin ƙasar da dama kuwa suka ce gobarar daji ce ta ci ƙarƙashin manyan layukan da aka daɗe ba a share ciyawarsu ba. A can gwamnati ce ta rungumi zancen maƙarƙashiya, don ya fi mata sauƙi a kan ta amsa laifin shekaru. Ranar 28 ga Afrilu 2025 kuma Sifen da Fotugal suka rasa wuta da tsakar rana, kafin magariba an riga an rataya wa Rasha, an rataya wa masu kutsen kwamfuta, 'yan adawa sun rataya wa gonakin sola na gwamnati. Bambancin da ya ja hankalina shi ne, wutar ta dawo kafin gari ya waye sosai, kuma cikin watan Yuni gwamnati ta fitar da rahoton bincike a bainar jama'a, ta ce ƙarfin wuta ne ya hau fiye da kima aka kasa danne shi, ba ta sami alamar kutse ba, ta kuma nuna wa hukumar layin da kamfanonin wuta inda kowa ya gaza. Jayayya ba ta ƙare ba, amma ta koma a kan takarda mai shafi da lamba, wadda mai musu zai iya buɗewa ya ce ga inda kuka yi ƙarya.

A nan ne nake so mai karatu ya ɗan dakata tare da ni, don ina ganin a nan gizo ke saƙar. A babin ajiya na littattafan fiƙihu, malamai sun ce wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa, sai ta ɗayan hanya biyu: ko ta'addi, wato ya sa hannu ya ɓata da gangan, ko tafriɗi, wato ya yi sakaci da tsaron da ya wajaba a kansa. Wanda aka ba ajiyar akuya ya yanka ya ci, da wanda ya bar ta a waje kura ta ɗauke, zunubinsu ba ɗaya ba ne, amma dukansu biyu sai sun biya akuya. Mu kuwa mun ƙarar da ƙarfinmu wajen ƙoƙarin tabbatar da ta'addi, wanda ba mu da shaidarsa, mun bar tafriɗi, wanda shaidunsa ke tsaye da ƙafafunsu a kowane lungu na Arewa, ba mu shigar da ƙararsa ba. Kuma babu abin da ya fi yi wa mai sakaci daɗi irin a tuhume shi da laifin da ba za a iya kama shi da shi ba, domin yana rantsuwa a kan wannan, ya fita da sauran.

Bari in kira shaidun. Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968 bayan an tashi tsohon garin Bussa da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Yawuri, da Jebba, da Shiroro mai megawat 600 da ta fara aiki a 1990, da Zungeru mai megawat 700 da ta zo a baya-bayan nan, dukansu a ƙasar Arewa suke, amma a gefe guda na Arewar suka taru, kuma hanyar da ke ɗauko wutarsu zuwa Kaduna da Kano ita ce wadda aka bar wa 'yan bindiga. Mafi yawan sauran wutar ƙasar daga iskar gas ake samunta, tashoshinta kuma suna Kudu inda gas ɗin yake. Bututun da aka ce zai kawo shi daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a 2020, duhun 2024 ya zo ya tarar bai iso ba. Tashar Kudenda ta Kaduna mai megawat 215, wadda aka ba da kwangilarta tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ita ma duhun ya same ta ba ta haska kowa ba. Uwa uba Mambilla, mai megawat 3,050, wadda tun muna yara muke jin sunanta a jawabin kasafin kuɗi, aka amince da kwangilarta ta dala biliyan 5.79 a 2017, ta ƙare a zauren sulhun 'yan kasuwa a birnin Faris, har yau ba ta kunna ƙwai ɗaya ba.

Wa ke riƙe da amanar a waɗannan shekaru? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Daga 2015 zuwa 2023 ɗan Daura ne a kan kujerar shugaban ƙasa, kuma a zangonsa na biyu ministocin wuta biyu da aka yi, Sale Mamman da Abubakar Aliyu, ɗaya daga Taraba yake, ɗaya daga Yobe. Kafin su, in aka ƙirga shekarun mulkin ƙasar nan tun daga 1972 da aka kafa hukumar wutar lantarki ta NEPA, 'ya'yan Arewa sun daɗe a kan karaga daɗewar da ta isa a ja layi na uku da na huɗu. A cikin wannan zamanin ne, a farkon 2021, masu tayar da ƙayar baya suka tarwatsa turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri, birnin Shehu ya shafe lokaci mai tsawo ba ya ganin wutar ƙasa, har sai da aka gina masa tashar gas ta megawat 50 wadda aka buɗe a Maris 2023. Wannan darasi ne da aka rubuta mana da manyan baƙaƙe, cewa garin da ke rataye da waya ɗaya yana hannun duk wanda ke da nakiya ko zarto. Muka karanta, muka shafa fatiha, muka tashi. Ban faɗi wannan don in wanke gwamnatin da ke kan mulki a 2024 ba, domin jinkirinta na mako guda abin kunya ne wanda babu bayanin injiniya da zai rufe shi, kuma barin layin Shiroro a kwance tun kafin na biyun ya faɗi tafriɗi ne a fili. Na faɗa ne don a san cewa jerin waɗanda za su biya akuyar yana da tsawo, kuma da yawansu da Hausa za su amsa tambayar alƙali.

Akwai wani abu kuma da ba ma son faɗa a majalisa. Wanda ke kwance ƙarafan turke cikin dare ya kai wa 'yan gwangwan, da wanda ke zuƙe man taransifomar unguwa, da wanda ke saye a hannunsu yana sane, ba daga wata ƙabila mai nisa aka yi hayarsu ba. Zancen maƙarƙashiya yana da daɗin ji ne saboda yana ɗauke mugu ya kai shi can ƙetaren kogi, ya ba shi wani harshe da wata hula, ya bar mu mu kaɗai da tsarkinmu. Kuma ɗan siyasar da ya kasa kawo wa mazaɓarsa ko taransifoma ɗaya ya fi kowa murna da shi, don ya samu abin da zai hau mumbari da shi ba tare da an tambaye shi ina kuɗin mazaɓa ba. Haɗarinsa kuwa ya wuce na wuta, domin ƙasar da ta ga abin da jita-jita ta haifar a 1966 bai kamata ta riƙa wasa da zancen "su" da "mu" a cikin duhu ba.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne. Duk lokacin da wuta ta yanke wa yanki guda fiye da kwana ɗaya, ya zama wajibi a bisa doka hukumar kula da harkar wuta, NERC, ta fitar da rahoto cikin wa'adi sananne, a faɗi turke na nawa ne ya faɗi, yaushe aka sani, wa aka gaya wa, me ya hana gyara, a fassara shi da Hausa a karanta a rediyo, domin shirun hukuma shi ne takin da jita-jita ke tsiro a kai. Gwamnoninmu kuma su daina tsayawa a sanarwar bayan taro. Gyaran tsarin mulki da dokar wutar lantarki ta 2023 sun ba kowace jiha ikon samar da wutarta, ta yi dakonta, ta sayar a cikin iyakarta. Ga rana da Allah ya hore mana wadda ta fi ta Jamus nesa ba kusa ba, ga Tiga da Challawa da Dadin Kowa da sauran madatsun da aka gina da kuɗin talaka. Ko da megawat ɗin da za a samu bai isa masana'anta ba, ya isa a ce ɗakin tiyata da injin ruwan gari ba su sake dogara da turken da ke tsakiyar dajin Shiroro ba.

Shi kuwa dattijon majalisarmu, na koma na same shi bayan wuta ta dawo, na zayyana masa duk wannan, ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "To Malam, in ba kashe ta aka yi ba, ashe mantawa da mu aka yi." Ban sami abin da zan ƙara masa ba. Sai dai ina roƙon mai karatu, idan masu neman ƙuri'a suka zo ƙofar gidansa gabanin zaɓen 2027, na Abuja da na gidan gwamnatin jiharsa, kafin ya karɓi atamfa ko taliya, ya tambaye su layin wuta nawa ne ke shigowa garinsa, kuma nawa suka ƙara a kai tun daga Oktoban 2024.